Matasa da Jarabar Intanet: Yaushe Abin Yake Zama Ciwo?

Duk matashin da ke daɗewa a kan waya ya kamu da jarabar intanet ke nan?

A'a, yawan sa'o'i kaɗai bai isa a yanke hukunci ba. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa suke dubawa shi ne ko yaron ya rasa iko da kansa. Yarinya ce za ta kwanta da niyyar duba saƙo ɗaya, ba ta farga ba sai ƙarfe biyu na dare, gari ya waye tana gyangyaɗi a aji, ta yi wa kanta alkawarin ba za ta sake ba, amma dare na yi ta koma gidan jiya. Idan aka karɓi wayar kuwa, sai ranta ya ɓaci ta kasa zama wuri ɗaya.

Masana lafiya sun amince cuta ce?

Sun amince da wani sashe nata. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a 2022, bisa sharaɗin cewa mutum ya kasa sarrafa wasan, ya fifita shi a kan sauran lamurran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, galibi na tsawon wata 12. Jarabar intanet gaba ɗaya ba ta shiga kundin ba tukuna, domin har yanzu ana muhawara a kanta. Sai dai wani rahoton ofishin hukumar na Turai ya nuna cewa matasan da shafukan sada zumunta suka zame wa matsala sun ƙaru daga kashi 7 cikin ɗari a 2018 zuwa kashi 11 a 2022.

Me ya sa abin ya fi kama matasa?

Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin, alhali sashen da ke neman jin daɗi da yabon tsara ya riga ya farka. Su kuma manhajojin da gangan aka ƙera su ba su da ƙarshe: bidiyo na ƙarewa wani ya hau, kuma mai kallo bai san wanne ne zai burge shi ba, sai ya yi ta ja da yatsa. Irin wannan rashin tabbas ne ke riƙe ɗan caca.

To, ƙwace wayar ba zai magance matsalar ba?

A ganina, da wuya. Sau da yawa wayar mafaka ce ga yaron da kaɗaici, damuwa ko cin zalin abokai ya dame shi, kuma idan aka rushe mafakar ba tare da an tambaye shi abin da yake gudu ba, zai nemi wata a ɓoye. Ya fi amfani a fitar da waya daga ɗakin kwana, tunda matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, iyaye ma su bi dokar da suka kafa. Idan karatu da cin abinci sun fara lalacewa, a kai shi wurin likita.

Doka fa?

Koriya ta Kudu ta hana yara wasan intanet da tsakar dare a 2011, ta soke dokar a 2021. A shekarar ce kuma Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan zuwa awa uku a mako, kodayake yara da dama kan shiga da asusun manya.