Waiwaye: Yadda aka koyi auna ƙarfen da ke cikin ruwan teku

A tsakiyar teku, nesa da gaɓa, baƙin ƙarfen (iron) da ya narke a ruwan sama-sama sau da yawa bai kai giram ɗaya ba a cikin lita miliyan 18. Jirgin da masu bincike ke hawa kuwa ƙarfe ne, wayar da ake zura kwalba da ita ƙarfe ce, ga tsatsa, ga fenti, ga hayaƙin inji. Shi ya sa aka shafe shekaru da dama ana buga alƙaluma waɗanda, ashe, dattin jirgi da na ɗakin gwaji suke aunawa, ba na teku ba.

Na'urar awon ta riga tsabtar aikin zuwa. A 1922, a birnin Prague, Jaroslav Heyrovský ya gano cewa idan aka bar zaiba tana ɗiga cikin ruwa ana ƙara mata ƙarfin lantarki sannu a hankali, yadda wutar ke gudana zai nuna irin sinadarin da ke ciki da yawansa. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1959. Daga baya aka inganta dabarar: a bar ɗigon zaiba guda ya yi 'yan mintuna yana tara dalma, tutiya, tagulla da kadmiyam daga ruwan, sannan a juya lantarkin. Kowane ƙarfe yana sakin zaibar a nasa matakin, kamar yara na fita daga aji ɗaya bayan ɗaya, kuma girman wutar da ya tayar shi ne ma'auninsa. Gishirin teku, da ke damun wasu na'urori, a nan taimako yake yi, don yana ɗaukar lantarki.

Wanda ya tona asirin dattin shi ne Clair Patterson na jami'ar Caltech a Amurka. Yana neman shekarun duniya ta hanyar auna dalma, har ya kai ga biliyan 4.55 a 1956, sai ya tarar dalmar man fetur ta shiga ko'ina. Ya matsa wa abokan aikinsa lamba sai da suka koma kwalaben roba da aka wanke da asid da ɗakuna masu tace iska. A ƙarshen shekarun 1970 alƙaluman ƙarafa da yawa suka faɗi warwas. A ganina, nan ne ilimin ya fara da gaske.

Da wannan tsabtar masanin teku John Martin ya nuna cewa ƙarancin baƙin ƙarfe ne ke hana ƙananan tsirran ruwa yaɗuwa a wasu sassan teku. Ya rasu a 1993, kafin a zuba ƙarfe kusa da tsibiran Galapagos a gwada maganarsa a wannan shekarar. A 1994 da 1995, Gledhill da van den Berg a Liverpool, da Rue da Bruland a California, suka yi amfani da ɗigon zaiba suka gano cewa sama da kashi 99 cikin ɗari na ƙarfen da ya narke yana riƙe ne a jikin sinadaran halittu. Wannan tambaya ce da dabarar lantarki ta fi kowace iya amsawa.

Mu ma muna da hannu a lissafin. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi, wadda ke dusashe mana rana, tana cikin ƙurar Sahara da ke sauka a tekun Atilantika ɗauke da ƙarfe, kuma jiragen GEOTRACES, shirin ƙasa da ƙasa na auna ƙarafan teku, suna bin sawunta da kwalabensu.