Lasisin aure a Amurka ba shi ne ɗaurin aure ba

An daɗe ana cewa a Amurka, da zarar masu shirin aure sun karɓi lasisi daga ofishin magatakardar kotun gunduma, shi ke nan sun zama mata da miji a wurin hukuma. Ba abin mamaki ba ne, tunda takardar tana ɗauke da sunayensu.

Amma lasisin izini ne kawai na a ɗaura auren, kuma yana da wa'adi. A jihar New York sai an jira awa 24 kafin a yi amfani da shi, kuma bayan kwana 60 ya mutu. A Texas jiran awa 72 ne, wa'adin kwana 90. Idan an ɗaura, alƙali ko limamin da ya ɗaura zai sa hannu ya mayar da takardar ofishin, a shigar da ita rajista, sannan a ba da shaidar aure. A nan ake tuntuɓe, kuma abin yana damuna: an sha biki, takarda tana kwance a aljihun tebur.

Ku duba wa'adin a jikin lasisin. Bayan ɗaurin aure ku kira ofishin ku nemi kwafin shaidar mai hatimi, domin kowace jiha da tata dokar.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa mazauna can.