Hanci ba ya jin gubar boila

A Ingila, inda yawancin gidaje ke ɗumi da boila mai amfani da gas (na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida), mutane da yawa sun daɗe suna cewa: "In ta lalace, ai zan ji wari." Wannan magana tana tayar mini da hankali, domin ta haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne.

Warin da ake ji idan gas ya zuba, kamfanoni ne suke zuba wani sinadari a ciki don a gane. Amma guba mai kisa, kabon monoksaid, ba zubewa take yi daga bututun gas ba. Tana samuwa ne idan gas bai ƙone sosai ba, saboda ƙarancin iska ko toshewar bututun hayaƙi. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mutum ya ɗauka mura ce ta hunturu. Irin gubar nan ce janareto ke fitarwa idan an kunna shi a cikin ɗaki.

Ido ya fi hanci amfani nan: harshen wuta shuɗi ya kamata ya zama, ba rawaya mai lilo ba, kuma baƙin tabo a jikin boila alama ce. In ciwon kan yana sauka da zarar an fita waje, a kashe boilar, a buɗe tagogi, a fice, a nemi likita.

Dokar ƙasar ta wajabta wa mai ba da haya ya sa ma'aikaci mai rajistar Gas Safe (rajistar masu izinin aikin gas) ya duba boila duk shekara, ya kuma sa ƙararrawar gano gubar.