Hotunan jikin naira: su wa ake nuna mana?

Me ya haɗa hoton kuɗi da yadda ƙasa ke kallon kanta?

Ba kowa ke zuwa gidan tarihi ba, amma kowa na taɓa kuɗi. Yaron da aka aika sayen magi ya san hular Sardauna da ke kan naira 200 tun kafin malami ya faɗa masa ko wane ne shi. Fuskar da aka ɗora a kan kuɗi, ita aka zaɓa mana mu riƙa tunawa.

Wa ya fara samun wannan matsayi?

Janar Murtala Muhammad. An kashe shi a Fabrairun 1976, a 1977 kuma aka fito da naira 20 ɗauke da hotonsa. Har yau akwai masu ce mata 'yar Murtala.

Da gangan aka rarraba fuskokin?

Duba jerin ka gani. Awolowo a kan naira 100 a 1999, Ahmadu Bello a kan 200 a 2000, Azikiwe a kan 500 a 2001. Yamma, Arewa, Gabas, kowa an shafa masa mai a baki. Da aka zo naira 1000 a 2005 sai aka kauce wa 'yan siyasa, aka haɗa tsofaffin gwamnonin Babban Banki biyu, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, ɗaya daga Arewa, ɗaya daga Kudu. A ganina rabon ya yi dabara, sai dai rabon maza ne zalla.

To mata fa?

Sai ka juya takardar. Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, tana bayan naira 20 tun 2007. A bayan naira 10 kuwa ga 'yan matan Fulani ɗauke da ƙoren nono, amma ba suna.

Hoto na iya nuna abin da babu shi?

Sosai ma. A bayan naira 200 akwai buhuna jibge kamar dala, irin dalar gyadar Kano da ta cika hotunan shekarun 1960. Fari, cutar gyada da kuɗin fetur sun shafe ta tuntuni. Matashin da ke karɓar canji a Kantin Kwari yau bai taɓa ganin ta a tsaye ba.