Sukar gwamna a Facebook ba ita ce laifin sashe na 24 ba

Wani saƙo yana yawo a wayoyin mutane a Gusau, wai duk wanda ya soki gwamna ko ɗan majalisa a Facebook shekara 3 ce a gidan yari, har da wanda ya tura rubutun gaba. Wasu matasa sun fara goge abin da suka rubuta saboda tsoro. Ba haka dokar take ba a yau.

Dokar da ake nufi ita ce ta hana laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, kuma ta shafi duk mai riƙe da waya, ɗan jarida ne ko ɗan kasuwa. A da, sashen ya haramta tura ƙarya don ɓata wa wani rai, ko cin mutuncinsa, ko jefa shi cikin damuwa. Da waɗannan kalmomi aka riƙa tsare 'yan jarida, har kotun ECOWAS ta ce a 2020, ta kuma maimaita a 2022, cewa sashen ya take 'yancin faɗin albarkacin baki. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan gyara, aka cire waɗannan kalmomi.

Abin da ya rage a wannan ɓangare abu biyu ne: batsa, da ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce, ya yaɗa ta da niyyar rusa doka da oda ko jefa rai cikin haɗari. Hukuncin tara ce da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da saninka da niyyarka, a gaban Babbar Kotun Tarayya. Cewa gwamnati ta gaza a kan tsaro ra'ayi ne, kuma sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka damar faɗinsa.

Inda nake da damuwa shi ne wannan “rusa doka da oda”. Dokar ba ta fayyace iyakarsa ba. A jihar da 'yan bindiga ke kai hari, kowane rahoto a kan adadin waɗanda aka sace ana iya cewa yana tada hankalin jama'a, a ɗauke mai rahoton. Ko da kotu ta sallame shi daga baya, ya riga ya kwana a hannun 'yan sanda, abokan aikinsa kuma sun shiga taitayinsu. Alhali sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Mu a Zamfara mun ga yadda siyasa ke shiga lamarin. A Oktoban 2022 gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe NTA Gusau da Pride FM da Gamji TV saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ce jiha ba ta da wannan hurumi, gwamnati ta nemi afuwa.

Sai dai kada wani ya ɗauka an buɗe ƙofar ƙazafi. Ɓata suna laifi ne har yanzu a dokar final kod, da ɗauri har shekara 2, barazanar kisa ta intanet kuwa tana kai mutum shekara 10.