Kafin ka sayi motar aikin gona, fara auna kayanka ka duba ƙasarka

Salam 'yan uwa manoma da makiyaya. Ni malamin gona ne, kuma kwanan nan tambayar abin hawa ta fi ta iri da taki yawa a wayata. Mutum ya gaji da jidon ruwa da ciyawa da itacen shinge a baro, ya ɗan tara abin da ya tara, sai ya kira ni yace malam wanne zan saya, babur mai ƙafa huɗu ko 'yar ƙaramar motar nan mai bodi a baya, ko dai in nemi a-kori-kura kawai in huta? Ni kuma bana ba da amsa sai na tambaye shi abu biyu, wane kaya ne mafi nauyi da kake ɗauka duk sati, sannan ina ne wuri mafi muni a gonarka da dole sai ka bi ta wajen da kayan. Yawanci sai kaji shiru, don ƙarfin inji da gudu da kyan fenti kawai aka kalla.

Abin da yasa na damu da maganar nan, akwai wani bawan Allah da muka yi aiki tare shekaru, manomi ne mai natsuwa, ba mai ganganci ba. Ya sayi babur mai ƙafa huɗu ya ɗora masa tankin feshi a baya, ranar da abin ya faru yana bin gefen lambatu a hankali, tankin ya kai rabi, tayar gefe ɗaya ta faɗa wani ɗan rami da ciyawa ta rufe, ruwan ya kwaɗu gefe guda gaba ɗaya, shikenan babur ya kife a kansa. Ya daɗe a danne kafin a gan shi. Ya rayu alhamdulillahi, amma da karayar haƙarƙari da ƙugu, kuma damina guda ta wuce shi yana kwance. Wallahi ba gudu yake ba, ko tafiyar mai sassarfa bai kai ba, kuma wannan shi ne abin da nake so mutane su gane, a gona kifewa ce ke kisa fiye da karo.

Toh bari in fara da shi babur mai ƙafa huɗun, wanda a takarda za ka ga an rubuta ATV. Yana da amfani sosai, zagaya shinge, duba dabbobi, kai gishiri ko magani, bin ƴar siririyar hanya tsakanin bishiyoyi inda mota bata shiga, kuma tayoyinsa masu faɗi ne marasa iska da yawa don haka baya danne ƙasa kamar babbar mota. Amma ganin ƙafa huɗu na sa mutane su ɗauka baya faɗuwa, alhali dogo ne kuma siriri, kai kuma kana zaune can samansa. Da jiki ake tuƙa shi, in za ka hau tudu ka matso gaba, in za ka gangara ka ja baya, a kwana ka karkata, shi yasa kujerar take da tsawo. Ba don goyo aka yi ta haka ba, duk wanda ka goya ya tare maka wurin motsi ne. Irin waɗannan baburan na aikin gona da yawa nauyinsu ya kai kilo 300 ko ya wuce, in ya danne ƙirjin mutum ko babu ƙashin da ya karye numfashi kawai zai gagara, kuma a gona sau da yawa mutum shi kaɗai ne babu mai ɗaga masa.

Wannan matsala ta daɗe. Kamfanin Honda ya fito da mai ƙafa uku a 1970, aka yi ta saye, aka yi ta kifewa da shi musamman yara, har a 1988 hukuma a Amurka ta yi yarjejeniya da kamfanonin aka daina sayar da sabbin masu ƙafa ukun. Masu ƙafa huɗun da suka maye gurbinsu sun ɗan fi tsayuwa amma ba su daina kifewa ba. A Ostireliya sun daɗe suna cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gonaki, shi yasa daga Oktoban 2021 aka wajabta duk sabon babur na aiki sai an sa masa wani ƙarfe a baya da zai tokare ƙasa in ya kife, ya bar wa mutum sarari a ƙasansa. In ka zaɓi babur ɗin, dan Allah ka nemi wannan ƙarfen, ka sa hular kwano ko da nan da bakin shinge za ka, kuma yaron da bai kai shekara 16 ba kada ya tuƙa na manya. Na san yaran gona akwai ƙoƙari, amma nauyin jikin yaro bai isa ya rinjayi babur ɗin manya ba komai iyawarsa.

Yanzu maganar lodi, nan ne nake so a yi lissafi da biro. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kenan duro mai lita 200 kilo 200 ne tun ba a haɗa nauyin duron ba. Buhun taki mai kilo 50 guda huɗu ma haka. Shi kuwa ƙarfen ɗora kaya na bayan babur mai ƙafa huɗu, yawanci abin da kamfani ya yarda a ɗora masa tsakanin kilo 60 ne zuwa 110, na gaba bai ma kai haka ba, kuma a rubuce yake a jikin babur ɗin. Kaga in aikinka na kullum jidon ruwa ne ko taki ko turakun shinge, babur ba naka bane kwata-kwata. Kuma ruwa ya fi buhu haɗari tunda motsi yake, tanki rabi ya fi cikakke girgiza mota, don haka a nemi tankin da aka yi wa shamaki a ciki, a ɗaure shi tamau a ƙasa-ƙasa.

Ga mai irin wannan aikin ni 'yar motar nan mai kujera biyu gefe da gefe nake nuna masa, wadda ake ce wa UTV. Kawasaki suka fito da Mule a 1988, John Deere suka biyo da Gator a 1992, yanzu kamfanoni da yawa na yi, Polaris, Kubota, Honda, Yamaha da sauransu. Sitiyari gare ta da birki na ƙafa kamar mota, ta fi faɗi, bodinta na ɗaukar kamar kilo 180 a ƙananan har kusan 450 a manyan, da yawa kuma bodin na ɗagawa ya juye kaya, wanda duk mai kwasar takin dabbobi ya san darajar wannan. Babban abin da yasa nake sonta shi ne kejin ƙarfen da ya zagaye direba da kuma bel. Amma fa biyun tare suke aiki, in baka ɗaura bel ba motar ta kife za ta wurgo ka waje ne sannan kejin da aka yi don ya kare ka shi zai danne ka. Haka in akwai ƙofa ko raga a rufe, don in mota ta fara karkata mutum bai san sanda zai miƙa hannu ko ƙafa waje ya tare ba, kuma a nan ake rasa gaɓa. Na ga mutane suna cire ƙofar wai tana ɓata lokaci wajen shiga da fita a bakin kowane shinge, gaskiya raina baya so.

Wani abu da ake mantawa, adadin nauyin da aka rubuta motar na ɗauka gaba ɗaya ya haɗa da kai da wanda ke gefenka da kayan aiki da nauyin da tirela ta ɗora a kan ƙugiya. Sannan bodi na kaya ne, ba a zuba ma'aikata ko yara a ciki, babu bel babu keji a wajen. In za ka ja tirela kuwa kada ka tsaya a tambayar ko za ta iya ja, kusan duk suna ja, tambayi ko za ta iya tsayar da ita a gangare ƙasa na jiƙe, saboda tirela mai nauyi tura motar take daga baya har ta juya ta. Yawancin waɗannan motoci da belin roba giyarsu ke aiki, in kana jan kaya ko tafiya a hankali ka sa ƙaramar giya, in ba haka ba belin zai yi zafi ya ƙone ka tsaya a tsakiyar gona.

In kuma rabin zirga-zirgarka a kwalta take, misali gonar a rarrabe take ko kana kai kaya nesa, toh ka manta da su biyun nan ka nemi a-kori-kura. Tayoyin babur da na 'yar motar don ƙasa da taɓo aka yi su, a kwalta basa kama titi yadda ya kamata, ga shi da yawansu tayoyin baya a haɗe suke juyawa tare, sai kwana ta zama wahala, kuma a wurare da yawa doka ma bata yarda a hau titi da su ba, ka bincika dokar inda kake. Ƙananan motocin Japan irin su Suzuki Carry da Daihatsu Hijet, inji 660cc, lodi kilo 350, suna da rufi da ƙofa kuma akwai masu ja da ƙafa huɗu, suna kyau a gona mai shimfiɗe, sai dai ƙasansu kusa da ƙasa yake, taɓo mai zurfi da kwazazzabo ba nasu bane. Keke mai ƙafa uku na kaya shi ma a fili mai shimfiɗe kawai, a kwana da lodi saurin ɗaga ƙafa gare shi. Huɗa da haro da ɗaga manyan dammunan ciyawa kuwa aikin tarakta ne, kada a wahalar da ƙaramar mota, ita ma taraktar a tabbatar tana da ƙarfen kariya, Suwidin tun 1959 ta wajabta shi a sabbin taraktoci kuma mutuwar kifewa ta ragu sosai a can.

Fetur ko dizal ko batir, wannan bana jan magana a kai. In taraktarka da janareta dizal suke sha, mai dizal zai sauƙaƙa maka ajiyar mai kuma yana da ƙarfin ja. Mai batir shiru gare ta bata firgita dabbobi, ba hayaƙi a cikin rumfa, amma sai kana da wutar caji tabbatacciya kuma zagayenka ba mai nisa bane. Masu inji kuma kada a bar su a kunne a rufaffen ɗaki, hayaƙin salansa na da iskar da bata da wari kuma tana kisa. Abin da yafi duk wannan muhimmanci shi ne kayan gyara da bakanike, mota komai kyanta in sai an jira wata biyu kafin bel ko filta ya iso, lokacin shuka ba zai jira ka ba.

Mai sayen ta hannu ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, ya duba ko an yi wa firam walda, ko robar da ke rufe gaɓar aksil, wato sandar da ke juya taya, ta yage, ya buɗe filtar iska ya ga ko ƙura ta wuce ciki, ya girgiza kowace taya yaji ko tana wasa. Ya duba awannin aikin inji tare da kilomita, don motar gona na iya yini a kunne bata yi nisa ba. Bayan an saya kuma a riƙa kakkaɓe busasshiyar ciyawar da ke taruwa a kusa da salansa, tana kamawa da wuta.

Ka ɗauki tef ka auna ƙofar shingenka mafi ƙunci da ƙofar rumfar da za ta kwana kafin kaje wajen mai sayarwa, sannan ka roƙe shi a kawo motar gonarka ka gwada da ainihin duron ko buhunan da za ka riƙa ɗauka, a wannan wurin mai munin da na tambaye ka tun farko, a hankali, bel a ɗaure, da wani a tsaye yana kallo. Tudu kuma a hau shi a miƙe a sauko a miƙe, kada a ratsa shi a kaikaice, in kaji tayar sama ta fara sauƙi ka tsaya ka rage kayan ka yi sawu biyu.