Raunin Sabis ɗin Waya a Cikin Gine-gine da Dazuzzuka

Raunin sabis shi ne raguwar ƙarfin igiyar rediyo a hanyarta daga eriyar turken sadarwa zuwa wayar hannu. Da desibel ake auna shi: asarar desibel 3 na nufin rabin ƙarfin ya tafi, a desibel 10 kuwa kashi ɗaya cikin goma ne ya saura. A fili fetal, duk sanda nisa ya ninka ana rasa desibel 6. Sai dai a gari ko a daji, abin da ya gitta tsakanin waya da turke ya fi nisan kansa cin sabis.

Gine-gine

Idan igiya ta ci karo da bango, wani kaso ya ratsa, wani ya koma baya, wani ya karkato ta kusurwa ko ta saman rufi. Katako da gilashin taga ba sa tare ta sosai. Kankare mai rodi ya fi su, ƙarfe kuwa kusan toshe ta yake ɗungurungum. Shi ya sa sabis ke ɗaukewa a cikin lif, mai shagon kwantena kuma yakan fito bakin ƙofa kafin ya amsa kira. Gilashin zamani mai hana zafi shiga ma yana da lahani, don ana shafa masa siririn ƙarfe.

A birni saƙo ɗaya kan iso wa waya ta hanyoyi da dama, igiyoyin su ƙarfafa juna a nan, su kashe juna a can. A megahaz 900 (megahaz ma'aunin mita ne, wato yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa) tsawon igiya kusan santimita 33 ne, saboda haka ɗan matsawa kaɗan na iya dawo da muryar da ta yanke. Wani injiniya ɗan Japan, Yoshihisa Okumura, ya yi awon irin wannan asara a Tokyo da kewaye, ya wallafa a 1968. A 1980 wani injiniyan, Masaharu Hata, ya mai da awon lissafi, wanda injiniyoyi ke tsara turaka da shi har yau.

Dazuzzuka

Matsalar itace ruwan da ke jikinsa ce. Ganye da rassa suna tsotse igiya su kuma warwatsa ta, musamman in sun jiƙe, iska kuma ta sa ƙarfin ya riƙa hawa da sauka. Don haka ƙauyen da ke da sabis da rani na iya fama da damina, in daji ya yi duhu. Gawo ne ya saɓa: da damina yake kaɗe ganyensa. Asarar ta fi tsanani a farkon shiga daji. Can ciki, abin da ke isowa galibi ta saman itatuwa yake bi.

Gwargwadon hawan mitar igiya, gwargwadon tsanantar asara. Megahaz 700 zuwa 900 sun fi dacewa da karkara, 5G mai gigahaz 3.5 (megahaz 3,500) tana buƙatar turaka kusa-kusa, a gigahaz 28 kuwa bishiya ɗaya ko tafin hannu na iya tare saƙon.